Bazazzagi a Kan Tabarmar Rawa

Zuwa ga bawana Bazazzagi,

Gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da tumbinka, don an ce yanzu shi ma sai an ware masa tasa gaisuwar, tunda shi ke riga ka shiga ɗaki. Bayan haka, labari ya iso Kano. Ka san sirrin Zariya ba ya kwana: kafin motar farko ta tashi daga Kwangila, ya riga ya sauka a Unguwa Uku. An ce likita ya auna ka, ya girgiza kai, ya ce ko ka motsa jiki ko hawan jini ya motsa ka. An ce ka ƙi zagayen fili da asuba, wai kada ɗalibanka su gan ka da gajeren wando. An ce daga ƙarshe ka aika an sayo maka wata tabarmar roba mai kibiya huɗu, kana jona ta da talabijin, ka kori yara tsakar gida, ka danna sakata, sai dai a riƙa jin dif-dif-dif da nishi. Da uwargida ta tambaya, ka ce bincike kake yi.

To, ban zo hana ka ba. Tun zamanin Sarauniya Amina, wannan ne karon farko da Bazazzagi ya yi dabarar da Bakano zai sa wa hannu. Sai dai, yadda kuka saba, ka yi tuya ka manta da albasa. Gyara zama in karantar da kai, kai da kake karantar da mutane.

Wannan abin da kake tattakawa a ɓoye, a bainar jama'a aka haife shi. Kamfanin Konami na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 1998 da sunan Dance Dance Revolution, masu yinsa kuma suna ce masa DDR. Da farko ba tabarma ba ce. Na'ura ce tsayayya mai allo da manyan lasifikoki da fitilu masu walƙiya, a gabanta da dandamalin ƙarfe mai wurin tsayuwar mutum biyu. A gidajen wasannin kwamfuta aka girke ta, irin waɗanda suka cika unguwar Akihabara a Tokiyo, inda ɗan makaranta da ma'aikacin ofis mai kwat suke bin layi ɗaya. Ka jefa kuɗi, galibi ta ba ka waƙa uku, kowacce ba ta cika wuce minti biyu ba. Sai a 1999 aka yi na gida a PlayStation, aka haɗo shi da tabarmar roba, wato kakar wadda kake wahalarwa.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuya, ko Bazazzagi zai gane in an maimaita masa. Kibiya huɗu ce a ƙarƙashin ƙafarka: gaba, baya, hagu, dama. A saman allo akwai wasu huɗu a tsaye, ba sa motsi. Da kiɗa ya tashi, sai kibiyoyi su riƙa tasowa daga ƙasan allo suna hawa. Daidai lokacin da mai tafiya ta hau kan ta tsaye, sai ka taka 'yar'uwarta a ƙasa. In biyu suka taso tare, tsalle za ka yi ka dira a kansu da ƙafa biyu. In doguwa ce ta zo, ka danne ta, kada ka ɗaga sai jelarta ta wuce. Kowane taku na'ura tana auna shi, ta faɗa maka ko ka dace da kiɗan cif, ko ka ɗan makara, ko ka yi ɓatan kai gaba ɗaya. Akwai muryar wani mutum a ciki da ke yi maka kirari in kana kyautawa. Akwai kuma ma'auni a sama, yana cika in ƙafa tana daidai, yana zurarewa in tana kuskure. Da ya ƙare, kiɗa ya tsaya, an sallame ka. Ba roƙo, ba "a duba girmana", ba "ka san ko ni wane ne".

Yanzu ga rahoton da na samu daga autanka, wanda na saye da alawar madara, yana leƙenka ta taga. Ya ce da jallabiya kake hawa, ka tattare ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana lalube a iska yana neman abin dafawa. Ya ce ƙafar dama kaɗai ke aiki, ta hagu ka dasa ta a tsakiya ka ba ta hutun ƙarshen shekara. Duk kibiyar da ka taka sai ka dawo da ƙafa tsakiya ka tsaya ƙam, kafin ka sake ɗagawa uku sun wuce. Idonka kuma yana ƙasa kana neman inda baya take, alhali abin a allo yake gudana. Ana cikin haka tabarmar ta zame ta yi gabas, kai kana ta dukan tayil da iya ƙarfinka kana cewa na'urar ce ta lalace. Ban yi mamaki ba. Mutanen da har yau ba su gama raba "ne" da "ce" ba, ina za su raba hagu da dama cikin gaggawa?

Duk waɗannan kurakuran ɗan koyo ne, kuma da a cikin mutane kake, da tun ranar farko wani yaro ya gyara maka. Ba a komawa tsakiya. Inda ƙafa ta sauka nan ake barinta sai an buƙace ta, na'ura ba ta cin tarar wanda ya tsaya a kan kibiya. Ƙafa musanyawa ake yi, dama, hagu, dama, yadda ake tafiya. Ido a saman allo, kunne a kan ganga, ƙafa za ta nemo hanyarta. Tabarma kuwa a manna ta a kan katako mai faɗi da salatif, ta daina yawo. Ka ga ilimi kyauta daga Kano, abin da ba mu saba bayarwa ba.

Batun ko wannan motsa jiki ne, babu gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, irin wanda numfashi zai ɗaga amma kana iya magana, ko minti 75 na mai tsanani. Tunda ku 'yan boko ne, ɗauko alƙalami. In waƙa ɗaya minti biyu ce, ana bin ka waƙa 75 a mako, wato 10 da ɗoriya kullum. Autanka ya ce a ta uku kake zubewa a kujera kana kiran a kawo ruwa. Saura bakwai, Malam.

Hikimar abin yaudara ce. Mai zagayen fili yana ƙirga kowane zagaye, zuciyarsa tana ce masa ya isa haka. Mai taka kibiya ba shi da sararin jin gajiya, hankalinsa yana kan ta gaba. Sai kiɗa ya tsaya ya tarar riga ta jiƙe sharkaf. Ga kuma maki. Jiya ka samu kaza, yau saura ƙiris ka wuce shi, sai ka ji bakinka yana cewa bari in ƙara ɗaya, maganar da likitoci suka daɗe suna son ji daga majiyyata ba su ji ba. Shi ya sa a 2006 jihar West Virginia ta Amurka, wadda take cikin jihohin da ƙiba ta fi addaba, ta yanke shawarar kai wasan makarantun gwamnatinta sama da 700, ya shiga darasin motsa jiki. Lissafinsu mai sauƙi ne. Yaron da ba ya son ƙwallo, wanda kullum shi ake bari a ƙarshe in ana raba 'yan wasa, sau da yawa shi ne gwanin wasan kwamfuta. To a biyo masa ta inda yake so.

Matakan wahala biyar ne a na zamani, kai kana na farko, wanda aka yi don yara da baƙi. A can sama akwai waƙa irin MAX 300, mai bugu 300 a minti ɗaya, biyar ke nan a kowace daƙiƙa. Masu taka irin wannan sukan kama sandar ƙarfen da ke bayan dandamali da hannu biyu, su sauke nauyin jiki a kanta don ƙafa ta samu sauƙin gudu. Wasu kuma sukan haɗe wurin mutum biyu su kaɗai, kibiya takwas, suna kai-kawo. Kada ka gwada. Gwiwar da ta shekara hamsin tana ɗauke da kai da tuwon dare ba ta yi maka laifin komai ba. Ka fara a hankali, ka sa takalmi mara nauyi, ka tambayi likitan nan naka iyakar abin da zuciyarka za ta ɗauka.

Sai kuma babbar badaƙalar. An ce ka gano StepMania, manhajar kyauta da ke kwaikwayon wasan a kwamfuta, ka kuma gano ana iya buga ta da maɓallan kibiya na kwamfutar. Tun daga ranar, wai, kana zaune a kujera da kofin shayi, yatsu huɗu suna rawa, kana samun makin da ƙafarka ba ta taɓa mafarkinsa ba, har kana ɗaukar hoton allo kana tura wa likita. Kai, Bazazzagi! Wa kake cuta? Yatsun dai sun rame, wannan na yarda. Kuma ko da ƙafar kake yi, tabarma ba ta biyan bashin da akushi ya ci. Ba ka yi minti ashirin kana tsalle ba, ka fito ka ce jiki ya yi aiki, a ƙaro malmala biyu da man shanu, a aika Tudun Wada a sayo tsire. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Duk wannan ƙananan laifuffuka ne. Albasar da ka manta ita ce mutane.

Je ka ga inda ake yin abin na gaske. Na'ura ɗaya ce, masu so da yawa, dole a yi layi. A wasu wuraren kwabbai ko kati ake jerawa a gefen allo, kowa ya san nasa. A wasu kuwa suna ake rubutawa a takarda. Kafin layi ya zo kanka kana kallon na gabanka, kana satar salon ƙafarsa. Wanda ya sauko yana haki, da tawul a wuya da gorar ruwa a hannu, shi zai ce maka waƙar nan tana da tarko a tsakiya, ka juya kafaɗa kafin ya zo. Wurin mutum biyu ne, don haka baƙo yakan hau kusa da baƙo, kowa ya zaɓi matakin da zai iya, ɗan koyo da gwani su taka waƙa ɗaya su sauka tare. Ba sai suna jin harshen juna ba. Haka ake sabo, a karɓi lambar waya, a sa ranar haɗuwa, daga nan a wuce cin abinci. Akwai ma waɗanda maki bai dame su ba, 'yan kallo suke yi wa: su haddace waƙa, su juya wa allo baya, su yi juyi, su sauka da gwiwa, su taɓa kibiya da hannu, jama'a suna tafi.

Kamfanin Konami ya gane inda daɗin yake. Ya yi katin da ke adana makin mutum, ya kuma ba shi damar sa abokan hamayyarsa, duk waƙar da ya zaɓa ya ga makinsu kusa da nasa. Kana kwance a gida ka ji an ce wane ya wuce ka, barci ya ƙaurace. Mutum yana iya yi wa kansa ƙarya ya ce sai gobe, har gobe ta zama baɗi, amma ba ya iya yi wa abokin da ke tsaye a bakin na'ura yana jiransa.

Waɗanda suka biyo baya ma a kan wannan turbar suka gina. A 1999 kamfanin Andamiro na Koriya ta Kudu ya fito da nasa, Pump It Up, mai wurin taku biyar, kusurwa huɗu da tsakiya. Ya haye teku ya samu gida a Meziko da Barazil, har ana gasar ƙasa da ƙasa a kansa. A 2009 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kawo Just Dance a na'urar Wii, ya ajiye tabarma gaba ɗaya: ka riƙe ɗan abin sarrafawa a hannun dama, ka kwaikwayi mai rawar da ke allo, mutum huɗu suna iya yi lokaci guda. Daga baya wayar hannu ma ta isa. Wannan shi ya shiga falo, ya tara uwa da 'ya'ya da kaka a gaban talabijin. A 2023 har ya shiga cikin wasannin da kwamitin Olamfik na duniya ya shirya wa gasar wasannin kwamfuta a Singafo. Duba duk jerin nan, ka nuna mini inda aka ce a danna sakata.

Na san abin da ke cin ka. Babba ne kai, ga furfura a gemu, ana ce maka Malam ana russunawa; a ce an gan ka kana tsalle a gaban yara? A wurinmu rawa ta makaɗa ce da matasa da ranar biki, dattijo sai dai ya gyaɗa kai daga kujera ya yi liƙi. Ban ce ka tafi gidan gala ba, ban kuma ce ka sa a ɗauke ka a waya a watsa wa duniya ba. Amma dubi abin da idon basira: gidaje a shimfiɗe a ƙasa, ana tsallake wannan a dira a wancan, wanda ya kuskure ya fita na baya ya shiga. 'Yar gala-gala ce fa aka sa wa lantarki. Ƙannenmu mata sun yi ta a dandali da tsinke da ɗan tsingaro, ba su biya ko sisi ba, kuma ba a taɓa jin wadda ta shiga ɗaki ta kulle ta yi ita kaɗai ba, don ba ta da daɗi sai da masu jiran ka faɗi su yi dariya. Dariyar nan da kake gudu ita ce rabin maganin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Girman kai kuwa rawanin tsiya ne, ko da yake na san a Zariya ba a fita sai da rawani.

Abin da ya fi ba ka tsoro, in za a faɗi gaskiya, shi ne na'urar ba ta san digiri ba. Shekara da shekaru kai ke riƙe da jan biro, kana ba 'ya'yan mutane maki yadda ka ga dama. Yau ga abin da zai ba ka naka a gaban autanka, ya ba shi A ya ba ka D, kuma babu ofishin da za ka kai ƙara. Ka daure. Yaron da ya ga ubansa ya faɗi, ya yi dariya, ya sake hawa, ya koyi abin da babu shi a duk littattafan da ka jera a kanta.

Ga maganin da ubangidanka ya rubuta maka. Fito da tabarmar falo bayan la'asar, in an kawo wuta. Ka bar yara su fara su nuna maka, uwargida ta riƙe littafin maki, don ita kaɗai ce ba za ka iya yi wa turanci ta ruɗe ba. Ran Asabar ka kira 'yan majalisarku, waɗannan da kuke zama a benci tun la'asar har isha kuna gyara Najeriya da baki, kowa da tumbinsa da ƙwayar hawan jininsa a aljihu. A yi karo-karo a sayo tabarma ta biyu. A zaɓi kiɗan da ba zai sa liman ya yi huɗuba a kanku ba. Wanda ya zo na ƙarshe shi zai sayi ruwa, ruwa na ce, ba lemo ba. Kafin wata ya zagayo za ka ji wanda bai taɓa sanin hanyar filin motsa jiki ba yana buga maka waya yana tambaya ko yau akwai.

Sannan ka shirya. In watan Cika-ciki ya tsaya, lokacin da abokan wasa ke bin juna kuɗin shara, ka san ko na bara ina bin ka. Bana na yi maka rangwame, ba zan karɓa a bagas ba. Zan zo Zariya da kaina, a shimfiɗa tabarma biyu a zaurenka, a kira maƙwabta su shaida. Waƙa uku, da ƙafa, ba da yatsa ba. In ka ci ni, na yafe maka na bara da na bana, har in rubuta a wannan shafin cewa an taɓa samun Bazazzagin da ya iya wani abu. In na ci ka, ka ninka, ka kuma raka ni tasha kana ɗauke da jakata. Kada ka ce ban gaya maka ba: daga garin 'yan Koroso zan taso, kuma mu Kanawa, in aka ce akwai kuɗi a ƙarshen abu, ƙafarmu ba ta kuskure.

Ubangidanka,
Bakano